Dogon mutum da jakar barci: wace za a saya, kuma ta yaya ake aunawa?

Dogon Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Tsawona santimita 197, takalmina lamba 47, jikina ba kauri. Muna shirin hawa tsaunin Chappal Waddi da ke Taraba a ƙarshen Disamba, da kwana cikin tanti a sama, kuma ina so jakar barcin da zan saya ta yi mini amfani nan gida Sakkwato in an fita daji da hunturu. Waɗanda nake gani a intanet wasu an rubuta 190, wasu 210, wasu 220. Wace ce tawa? Kuma ta gashin tsuntsu ta fi ko ta faiba?

Jagoran Tsauni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar gashi ko faiba, ajiye lambar tsawonka ta tsaye, ba da ita ake sayen jaka ba. Mutum in ya kwanta ya saki jiki, tafin ƙafarsa yana miƙewa gaba, kuma mai takalmi 47 tafin ƙafarsa ya kai santimita 30. Ga yadda za ka yi: kwanta rigingine a kan siminti, tsakar kanka na taɓa bango, ka saki ƙafafu kamar mai barci, kada ka tanƙwara yatsu sama. Wani ya sa alama da alli inda babban yatsa ya tsaya, a auna daga bango. Mai tsawonka yakan sami tsakanin 205 da 209. A kan wannan ka ƙara santimita 5 zuwa 10. Abin da ya fito shi ne tsawon ciki da kake nema, wato wajen 210 zuwa 219.

Yanzu lambobin da kake gani. Iri biyu ne, kuma nan mutane ke ruɗewa. Manyan kamfanoni suna rubuta tsawon mutumin da jakar za ta ɗauka: matsakaiciya har 183, doguwa har 198. Ita jakar kanta takan fi wannan lamba da kusan santimita 15, don haka doguwa takan zo wajen 213. Masu arha kuwa tsawon waje suke rubutawa, daga bakin hular jakar, wato sashen da ke rufe kai, har ƙarshen ƙafa, an shimfiɗe ta ba kowa ciki. Jakar da aka rubuta 210 a waje, da zarar mutum ya shiga jikinsa ya ɗaga ta, tsawon ya ragu. Ta 190 kada ma ka dube ta.

Dogon Mabera:
Na gode Yaya. To ke nan doguwa mai ɗaukar 198 ta yi mini, tunda ni 197?

Jagoran Tsauni:
A takarda ta yi, amma kana bakin iyaka, ga babbar ƙafa. Zan so ka nemi mai sayarwa ya auna maka cikin da tef, ya turo hoto. In bai kai 212 ba ka bar ta. Akwai kamfanonin da ke yin wadda ta fi doguwa tsawo, har mai ɗaukar mutum 213, sai dai ba kowane samfuri ake yi wa wannan girman ba, kuma da wuya a same ta a kasuwanninmu.

Malamin Jogurafi:
Bari in ƙara dalilin da ya sa wannan 'yan santimita ke da muhimmanci, don kada a ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Jakar barci ba ta samar da zafi. Zafin jikinka take tsarewa cikin iskar da ke maƙale a tsakanin gashi ko zaren faiba. Kaurin wannan kumburi shi ne ɗumin. In yatsunka sun tokare ƙarshen jaka, sun danne kumburin nan ya koma kauri ɗaya da ƙyalle, sanyi ya shigo daidai wurin da jini ya fi jinkirin kaiwa. Haka nan in jaka ta gaza, mutum yakan ja jikinsa sama don ƙafa ta sake, sai kafaɗu su fito, hula ba ta rufu ba, duk iskar da ya ɗumama ta fice ta wuya. Gajeruwar jakar da aka yi don sanyin digiri 0 a jikin dogo ba za ta yi aikin digiri 0 ba.

Tsohon Sikawut:
Malam, na yarda, amma kada a tura yaron nan ya sayi mafi tsawo da ya gani. Jakar da ta yi wa mutum yawa ita ma sanyi gare ta. Duk fanko da ke ƙasan ƙafa jikinka ne zai ɗumama shi, kuma ƙafa ba ta da ƙarfin wannan aiki. In ragowar ta wuce santimita 15 zuwa 20, asara ce: nauyi a baya da rana, sanyin ƙafa da dare.

Jagoran Tsauni:
Gaskiya ne Baba, amma laifin biyu ba ɗaya ba ne. Doguwa tana da magani a daji: a cusa busassun tufafin gobe a ƙasan ƙafa su cike fankon, ko a ɗaure ƙarshen da igiya daga waje. Har ma riba ce, don batir da waya da ruwan sha suna kwana a ɗumi. Gajeruwa ba ta da magani sai lanƙwashe gwiwa har asuba. In mutum ya rasa daidai, ya karkata wajen tsawo.

Tsohon Sikawut:
Wannan kam ba musu. Abin da nake gudu shi ne waɗannan manyan masu kusurwa huɗu, 230 da faɗi 90 ko 100. Na masu kwana kusa da mota ne. Wasu sun haura kilo biyu da rabi, kuma in an naɗe su sun cinye rabin jakar goyo.

Malama Likitar Ƙashi:
Sannunku. Ana ta maganar tsawo, an bar faɗi, alhali dogon mutum yawanci a gwiwa jaka ke fara matse shi. Mafi yawanmu a gefe muke kwanciya, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Dogo ƙashin cinyarsa dogo ne, don haka in ya lanƙwasa, gwiwa tana tura gaban jaka, ɗuwawu na tura bayanta, kumburin ya mutu a wuri biyu lokaci ɗaya. Jakar da ke tsukewa sosai daga ƙugu zuwa ƙafa tana da ɗumi da sauƙin nauyi, amma an yi ta ne don mai kwanciya rigingine, ko wanda ya iya juyawa tare da jakar gaba ɗaya.

Malam Dogo, ka ɗauki awo uku bayan na tsawo. Na kafaɗa: ka tsaya da rigar sanyin da za ka kwana da ita, hannuwa a gefe, a zagaya tef ta kan kafaɗa da damatsa, ka ƙara wajen santimita 25. Yawancin jakunkuna masu tsukewa zagayen kafaɗarsu yana tsakanin 150 da 165. Na ƙugu haka nan. Na uku ka kwanta yadda ka saba barci, a auna daga gwiwa zuwa bayan ɗuwawu, ka gwada da faɗin jakar a wannan wuri. Akwai jakunkuna da aka buɗa musu wajen gwiwa da gwiwar hannu musamman don masu kwanciyar gefe. Sun ɗan fi nauyi, amma ga dogo ina ganin sun cancanta.

Dogon Mabera:
Allah ya saka Malama, a gefe nake kwanciya kuwa. Sai maganar digiri. Na ga wata an rubuta lambobi uku, 5 sama da sifili, da 0, da kuma 15 ƙasa da sifili. Wanne ne na gaskiya?

Malamin Jogurafi:
Duka ukun na gaskiya ne, amma ɗaya kawai ya shafe ka. Akwai ma'aunin gwaji na Turai, EN 13537, wanda ISO 23537 ya maye gurbinsa a 2016. Ana sa mutum-mutumi mai ɗumi a cikin jakar, sanye da kayan ciki masu dogon hannu, a kan shimfiɗa, cikin ɗakin sanyi, a auna zafin da ke fita. Lamba ta farko ita ce inda mace mai matsakaicin jiki za ta yi barci a sake ba ta jin sanyi. Ta biyu inda namiji mai matsakaicin jiki zai yi barci a dunƙule. Ta uku ba ta barci ba ce sam, iyaka ce ta tsira da rai na 'yan sa'o'i, mutum na makyarkyata, da haɗarin sanyi ya yi masa illa. Masu talla sun fi son buga ta uku da manyan haruffa.

Ka lura da wani abu: namijin da aka yi lissafin da shi mai tsawon 173 ne, kilo 73, ɗan shekara 25. Kai dogo ne siriri, fatar da zafi ke fita ta cikinta ta fi yawa in aka gwada da nauyinka, ga jiki da ya saba da zafin Sakkwato inda Afrilu ke haura digiri 40. Don haka ka yi aiki da lamba ta farko. Jakar da ba ta ɗauke da EN ko ISO, lambarta ra'ayin mai ɗinki ce.

Wani tarko kuma: kayan Amurka da ma'aunin Fahrenheit suke zuwa. In ka ga 20 a jikin jaka, kusan digiri 7 ne ƙasa da sifili a namu ma'aunin. 30 kusan 1 ƙasa da sifili, 40 kusan 4, 50 kuma 10 daidai. Tsawo ma da inci suke rubutawa: 72 shi ne 183, 78 shi ne 198, 84 shi ne 213.

Jagoran Tsauni:
Game da wurin da za su: Chappal Waddi tsayinsa mita 2,419, shi ne mafi tsawo a Nijeriya, cikin gandun Gashaka-Gumti a Taraba, bakin iyakar Kamaru. Sakkwato ba ta wuce wajen mita 300 ba. A ƙa'ida duk hawan mita 1,000 zafi na sauka kusan digiri 6 da rabi, ga iska a sama, ga raɓa. Ni shawarata jakar da lambarta ta farko ke tsakanin 0 da 5. Kuma ku tuntuɓi ofishin gandun da ke Serti tun da wuri, ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikatansu, su ne kuma za su faɗa muku halin hanya da na tsaro a lokacin.

Tsohon Sikawut:
To ga inda buƙatunsa biyu suka rabu. Jakar digiri 0 a dajin Sakkwato zufa za ta sa shi. Darenmu na Disamba da Janairu a gari yakan sauka wajen 15, a fili kusa da fadama ya ɗan fi haka sanyi wajen asuba. Jaka ɗaya za ta yi aikin biyu ne kawai in zif ɗinta dogo ne har ƙafa kuma mai kai biyu, yadda za a buɗe ta ƙasa ƙafa ta sha iska, ko a buɗe ta duka a lulluɓa. Mai rabin zif ta fi sauƙin nauyi amma ba ta da wannan dama, kuma dogo shigarta wahala ne.

Hajiya Mai Gwanjo:
Sannunku da ƙoƙari. Jakunkunan ga suna fitowa cikin dilar barguna da ta rigunan sanyi, sai dai dogaye ba su da yawa, mafi yawa na yara ne da matsakaita. Ɗana, in za ka duba ta gwanjo, ka tafi da tef naka. Ga abin da za ka duba. Ka shimfiɗa ta ka girgiza, ka ba ta minti goma. In ba ta tashi ta kumbura ba, faibar ta mutu, kuma faiba in ta mutu ba ta dawowa ko an wanke. Ka ɗaga ta wajen rana ka duba: inda haske ke ratsowa fili, nan ba komi ciki. Ka shinshina wajen ƙafa da hula, in akwai warin ruma a bar ta. Ka ja zif sama da ƙasa sau uku, ka duba ko haƙora sun cika. Takardar da anka ɗinke a gefen ƙafa ko cikin hula ita ka faɗin abin da ke ciki da girmanta, ka nemi harafin L ko XL. Kuma ka cire takalmi ka shiga, a ja zif har wuya. Mai kaya na ƙwarai ba shi hana ka.

Dogon Mabera:
Hajiya, in na sami ta gashi a gwanjo fa, in ɗauka?

Hajiya Mai Gwanjo:
In ƙyallen bai ruɓe ba, ɗauka da sauri. Gashi ya fi faiba tsawon rai nesa ba kusa ba. Sau da yawa datti da maiƙon jiki ne ke danne shi, in anka wanke da kyau shina tashi. Ka matsa da yatsu: in ka ji tsinke-tsinke da yawa, fuka-fuki ne sunka fi yawa, ba lallausan gashin ƙirji ba. Takarda takan nuna 90/10 ko 80/20 ko 50/50, lambar farko ita ce lallausan.

Jagoran Tsauni:
Tunda an shigo maganar, ga bambancin a aikace. Gashin agwagwa ko na dinya ya fi ɗumi a kan kowane giram, ya fi matsuwa. Ana rubuta ƙarfin kumburinsa da lamba, daga wajen 550 har 900, mafi girma mafi kyau, amma lambar nan kaɗai ba ta faɗin ɗumi, sai an haɗa da yawan giram ɗin da aka zuba. Ga dogo wannan na da amfani sosai, don jakarsa dama ta fi ta kowa yadi da ciko. Ta gashi doguwa ta digiri 0 zuwa 5 takan zo wajen kilo ɗaya, ta faiba mai ɗumi iri ɗaya tana iya kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu, ga cin wuri. Aibin gashi ruwa: in ya jiƙe ya dunƙule, ɗumi ya tafi, kuma ba ya bushewa a yini ɗaya a kan dutse. Faiba ko da danshi tana riƙe wani abu. Tunda rani za su tafi, ni gashi zan ce, a sa ta cikin babbar leda mai kauri a cikin jakar goyo, a murɗe baki.

Malamin Jogurafi:
Ni a nan na saba da kai kaɗan. Ranin tsaunukan Mambila, yankin da za su hau, ba ranin Sakkwato ba ne. Akwai hazo da raɓa mai nauyi, kuma dogo shi ne mutumin da ƙafarsa ke taɓa bangon tanti. Tururin numfashi yana taruwa a jikin tanti ta ciki, ƙarshen jaka ya sha shi duk dare. Kwana ɗaya ba komai, kwana uku a jere ba a shanya ba, gashin ƙafa ya kwanta. Ga wanda wannan ce jakarsa ta farko, faiba ta fi yafiya, ta fi arha.

Jagoran Tsauni:
To ai matsalar tanti ce ka kawo Malam, a gyara ta a tanti. Yawancin ƙananan tantuna tsawon ƙasansu 205 zuwa 215 ne, kuma bangon a karkace yake, don haka tsawon da ake mora ya gaza haka da santimita 20 ko fiye, musamman in mutum na kan katifa mai kauri da ta ɗaga shi sama. Mai 197 ya nemi tanti 225 zuwa sama, ko mai bangon kai da ƙafa a tsaye, ko ya kwanta a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa cikin tantin mutum biyu. In duk babu, ya zuge rigar ruwansa ya zura ƙarshen jakar ciki, ita za ta taɓa bangon. A bar kafar iska ta sama a buɗe ko ana sanyi.

Malamin Jogurafi:
Da tanti mai tsawo na janye rabin maganata. Rabin da ya rage na kuɗi ne, wannan kuma aljihunsa zai yanke.

Baba Tela:
Ranku shi daɗe. Ga wata hanya in an rasa doguwa. Jakar faiba ana ƙara mata tsawo, aiki ne da kowane tela mai haƙuri ka iya yi. A sayi biyu na gwanjo masu kauri ɗaya, ɗaya ta zama ta yanka. Ba a ƙari wajen hula, kuma ba a taɓa zif. Mafi yawan masu tsukewa zif nasu na ƙarewa wajen ƙwauri, to tsakanin ƙarshen zif da gidan ƙafa nan za a yanke a zagaye. Kafin almakashi shi taɓa, a yi layin ɗinki biyu, tazarar yatsa biyu, a yanka tsakaninsu, don faiba kada ta zame. A yanko zobe daga ɗayar jakar, faɗinsa abin da ake son ƙari da santimita 4 na ɗinki. A haɗa ƙyallen ciki da na ciki, na waje da na waje daban, faibar kuwa a ɗora leɓe kan leɓe a kama da ɗinkin hannu sako-sako. Wanda ya bi duka da keke lokaci guda ya danne faiba, ya bar zoben sanyi guda biyu zagaye da ƙafa. Allura siririya, lamba 9 ko 11, zaren roba ba na auduga ba, ɗinki kada shi yi ƙanana ƙwarai don shina yaga nailan.

Ta gashi kuwa kada a kawo ma tela. Cikinta ɗaki-ɗaki ne da raga tsakani, da an yanka gashi ya watse, kuma ramin allura mai kauri ma ya isa shi riƙa fita.

Tsohon Sikawut:
Madalla da wannan bayani Baba. Akwai kuma mayafin gashi da masu tafiyar nesa ke amfani da shi yanzu: ba shi da baya, ba shi da hula, sai gidan ƙafa da igiyoyin da ake ɗaure shi a katifa. Hujjarsu ita ce cikon da ke ƙarƙashin mutum dama a danne yake, ba ya aiki. Ga dogo mai kwanciyar gefe yana da sauƙi, don ba abin da ke tokare kai ko gwiwa. Tsawonsa ya kai haɓa in an miƙe ƙafa, faɗi kada ya gaza 135 zuwa 140, in ba haka ba duk juyi iska ta shigo. Sai an haɗa da hular sanyi mai kauri. A wuri mai iska kamar saman dutse yana son wanda ya saba da shi.

Malama Likitar Ƙashi:
Wannan ya kawo mu shimfiɗa, wadda ita ce rabin ɗumin. Ƙasa tana jan zafin jiki fiye da iska. Matsakaiciyar shimfiɗa 183 ce da faɗi 51, doguwa wajen 196 zuwa 198 da faɗi 64. Malam Dogo doguwa zai nema, kuma ya sa matashin kai a waje da shimfiɗar, a kan jakar goyo ko takalma, sai ya ci ribar santimita 20 a ƙafa. Diddige in ya sauka ƙasa, ko jakar ta kai nawa, ƙafa za ta yi sanyi. Ana rubuta ƙarfin shimfiɗa na tsare ɗumi da harafin R da lamba. Ta soso mai naɗewa wajen 2 take, don daren da ya kusa digiri 0 a nemi 3 zuwa sama. In an ɗora biyu lambobinsu haɗuwa suke.

Tsohon Sikawut:
A ƙasarmu kuwa katifar iska ita kaɗai ba abin dogaro ba ce. Ƙarangiya da tsidau da ƙayar bagaruwa suna huda ta, kuma hudar ƙarangiya ƙanana ce, ba a ganinta sai an tsoma cikin ruwa. A share wuri da ƙafa da takalmi, a shimfiɗa leda mai kauri ko buhu, soso a kai, sannan ta iska in akwai. Jaka kuma kada a bar ta a buɗe a ƙasa tun magariba. A bar ta a naɗe sai za a shiga, a kakkaɓe ta, a kakkaɓe takalmi da safe, saboda kunama. Kusa da ruwa gidan sauro dole ne ko da hunturu, jaka ba ta rufe fuska.

Dogon Mabera:
Na fahimta ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe: in dare ya fi yadda aka zata sanyi, me ake yi? Kuma gaskiya ne a cire kaya a shiga ya fi ɗumi?

Jagoran Tsauni:
Ba gaskiya ba ne. Busassun kaya suna ƙara ɗumi. Abin da ke kawo sanyi shi ne kayan da aka yi zufa da su, ko kaya masu yawa har su matse jakar daga ciki. Ka ware riga da wando da safa na barci kaɗai. Bayan alwalar isha ka goge ƙafa ta bushe sarai kafin safa, kuma safar kada ta matse. Ka ci abinci mai maiƙo kafin kwanciya, gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da dabino sun isa. Ka ɗan motsa jiki ka shiga da ɗuminka, amma ba har zufa ba. Gorar ruwan zafi mai murfi mai kyau, a zura ta cikin safa, a sa tsakanin cinyoyi ko wajen ƙafa. Rigar sanyi mai kauri in jakar ta matse, a shimfiɗa ta a kan ƙirji daga ciki maimakon sawa. A ja igiyar wuya da ta hula har sai hanci da baki kaɗai ke waje. Kada ka cusa fuska ciki, tururin numfashi zai jiƙa cikon. Da an idar da asuba rana ta fito, a juya jakar a shanya minti 20 zuwa 30 kafin a naɗe.

Hajiya Mai Gwanjo:
A ɗinka mata zanen ciki kuma, kamar doguwar rigar matashi, da yadi marar nauyi. Ga mai tsawonka a yanka 220, faɗi 80 in an ninka, a bar gefe ɗaya buɗe zuwa ƙugu. Shi ka ɗaukar zufa da ƙura, shi za a riƙa wankewa, jakar ta huta. Na kanti yawanci gajeru ne, su ma suna iya takure ƙafa ko jakar ta isa.

Baba Tela:
Ƙurar hunturu ita ka kashe zif. A goge haƙora da tsohon burushi, a shafa kyandir kaɗan, ban da man keke ko man gyaɗa don suna kama ƙura. In zif ya fara buɗewa ta baya bayan an ja, ba haƙora ne sunka lalace ba, kan ne ya buɗe, a matse shi kaɗan-kaɗan da filaya ta gefe biyu, ana gwadawa. In ya ciji ƙyalle kada a fizga, a ja ƙyallen gefe a mayar da kan baya.

Ajiya kuma: ƙaramar jakar matsewa ta tafiya ce kawai. A gida a sa ta sako-sako cikin babban buhun yadi ko a rataye, nesa da rufin kwano, don zafin bazara da matsi tare su ka kashe faiba. Wanki da hannu cikin babban baho, ruwa mai ɗumi kaɗan, sabulu marar ƙarfi, ban da bilic. A dinga dannawa, kada a murɗe, a ɗauraye har ruwa shi fito fari. A tallabo ta duka daga ƙasa in za a ɗaga, don nauyin ruwa na yaga ɗinkin ciki. A shanya a kwance cikin inuwa mai iska, ta gashi ana bi ana warware dunƙulen da yatsu duk bayan 'yan awoyi, kuma ba a ajiye ta sai an tabbata ba sauran danshi ko a wajen ƙafa.

Dogon Mabera:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun auna yanzu, a kwance 207 ya fito, kafaɗa da riga 128.

Jagoran Tsauni:
To ka nemi ciki 212 zuwa 217, zagayen kafaɗa 153 zuwa 160, gidan ƙafa mai zurfin da zai ɗauki tafin santimita 30 a tsaye ba tare da yatsa ya tokare sama ba. In ta zo, ka gwada ta a gida tun kafin ka cire takardarta: shimfiɗa a ƙasa, kayan barci a jiki, hula a ɗaure, ka miƙe ƙafa sosai. Wani ya tsunkuli ƙarshen jakar daga waje, in ya kama ciko mai kauri tsakanin yatsunsa da naka ta yi, in yatsanka ya ji kai tsaye a mayar da ita.